Salatif ɗin da na liƙa wa kwamfutar ƙanena

A wancan lokaci ni mutum ne da bai yarda da iska ba. Sana'ata ajiyar wake ce a Birnin Kudu. Idan kaka ta yi nakan saya daga manoman Kiyako da Surko, in zuba a buhu mai leda biyu a ciki, in matse iskar, in ɗaure baki tam, domin duk mai wannan sana'a ya san inda iska ta samu hanya, nan ƙwaro ke rayuwa. Karatuna bai wuce firamare ba. Kuma Allah ya yi ni da yawan fargaba. Nakan kulle shago in kama hanya, in dawo in sake jan kwaɗon, wata rana har sau biyu. Mai ɗakina ta gaji da yi mini magana a kai.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, yana ɗaukar bidiyon biki da suna. Ya daɗe yana son kwamfutar da za ta riƙa haɗa masa aikinsa. Haɗaɗɗiya ta fi ƙarfinsa, sai ya riƙa sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya a wurin wani mai gyaran kwamfuta a Gwaram, mutum mai sanyin magana da furfura a gemu. Kusan shekara ya yi yana tarawa. Duk abin da ya sayo sai ya kawo mini a kwalinsa, ya ce wannan ƙwaƙwalwa ce, wannan katin hoto ne, shi ke ɗaukar nauyin bidiyo. Katin na hannu ne, ya ce ya gwada shi da sabo bai ga bambancin da ya kai kuɗin ba. Na ce masa kayan hannu ba su da tabbas. Ya yi dariya, ya ce ai ni ko ruwa zan sha sai na leƙa ƙasan kofi.

Da aka gama haɗa ta, ya ajiye ta a ƙuryar shagona saboda ina da sola. Wata rana cikin bazara ya kunna ta, ya ɗora mata aikin wani biki, ya ce za ta wuni tana yi, kada kowa ya kashe, shi zai je Yalwan Damai ɗaukar suna. Bayan azahar na shiga ɗauko ma'auni, sai na ga kyankyaso ya shige ta ramukan bayanta. Na durƙusa na duba. Ramuka a gaba, ramuka a baya, har a sama da gefe. Na ce a raina wanda ya ƙera wannan akwati bai san ƙwarin ƙasarmu ba. Hankalina ya ƙi kwanciya, ina ta hango ƙwari suna cin wayoyin da ƙanena ya yi shekara yana tarawa, a cikin shagona, a hannuna. Na yanko kwali, na ɗauko salatif, na bi ramukan nan na liƙe su tsaf, ban bar ko ɗaya ba. Na ƙara da yafa mata buhu. Na ji ƙarar fankarta ta ƙaru, na ɗauka ƙwazon aiki ne. Na tafi sallar la'asar da farin cikin wanda ya riƙe amana.

Da na dawo, warin ƙonanniyar waya ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Ta mutu. Jikinta ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai.

Abin da na yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Na janye buhun, na ɓare salatif ɗin, na sa tsumma da kananzir na goge gam ɗin da ya rage, na jefa kwalayen a bola. Da ƙanena ya dawo na ce masa haka na tarar da ita. Na zaɓi maganar ne don in iya gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Ya zauna a kan buhun wake, ya ce ai na faɗa masa tun farko, kayan hannu ba su da tabbas. Ni kuma na sunkuyar da kai na bar shi a haka.

Washegari ya kai ta Gwaram. Mai gyaran ya buɗe, ya ce zafi ne ya ƙona akwatin wutar, ƙonewarsa kuma ta lalata katin hoton. Ya tambaya ko an rufe ta da wani abu. Ƙanena ya ce a hannun yayansa take, mutumin da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kan kaya. Magana ta yi zafi, ƙanena ya kira mai gyaran macuci a gaban maƙwabtan shagonsa, ya dawo ya gaya wa abokan sana'arsa, su ma suka daina zuwa wurinsa. An ce abin da mutumin ya ce kawai shi ne, "Allah ya sani."

Na ɗauki wannan abu har damina ta wuce. Ba na jin daɗin abinci, sallata ma rabinta tunani ne. Duk buhun da na ɗaure sai na tuna. Sau uku na shirya zan faɗa wa ƙanena, idan ya ce "Yaya, lafiya?" sai in ce masa ciwon kai ne. Na gaji ƙwarai, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Da kaka ta zagayo na je Gwaram sayen wake, ƙafata ta kai ni ƙofar shagon mai gyaran. Na same shi a kan benci yana gyara wa wani tocila. Na gaishe shi, na ce ni ne yayan mai bidiyon nan, na faɗa masa komai. Ya ce, "Malam, tun ranar na ga sauran gam a bakin fankar. Amma ƙanenka ya tsaya maka, ni kuwa babu wanda ya tsaya mini." Ya ce ya yafe, abu ɗaya yake roƙo, in maimaita maganar a inda aka zage shi.

Ranar kasuwa ta gaba na zo da ƙanena, na faɗa a gaban maƙwabtan nan. Ƙanena ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Daga baya na sayar da wake na taimaka aka sake sayen abin da ya ƙone, amma kwamfutar ba ta sake kwana a shagona ba. Wasu masu kai wa mutumin gyara sun koma, wasu har yau ba su ji cewa an wanke shi ba.

Ga mai karatu, abin da zan ce kaɗan ne. Ilimin sana'arka na sana'arka ne. Abin da ke tsare wake shi ya kashe kwamfuta, ramukan nan na numfashinta ne, kuma da na ɗaga waya na tambaya da minti ɗaya ya isa. Idan kuwa ɓarna ta riga ta faru a hannunka, ka bar salatif ɗin a inda yake har mai kaya ya zo ya gani. Liƙawar kuskure ce, da ƙanena ya yi faɗansa na kwana biyu ya huce. Ɓarewar ce ta ci mutuncin bawan Allahn da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ƙanena yana gaishe ni kamar kullum, yana turo yaransa gidana. Amma kwanaki na ji a bakin wani cewa ya sayi sabon kati. Bai kawo mini kwalin na gani ba.