Ƙosan da na goge a lambobin Yaya

Yayata ce ta koya min rubuta wa inbata umarni, a shagonmu na sola a Malali, shagon da in ka yi atishawa sai ka fita waje ka ƙarasa. Inda aikin ke son sauri, takan tsoma 'yan layukan yaren inji a tsakiyar shirin, wato jerin umarnin da muke rubutawa. A nan dole ka laƙa wa wuri suna, don injin ya san inda zai koma. Mutanen kirki suna sa "farko" ko "ƙarshe". Yaya kuwa abinci take sawa. Ƙosai, masa, awara, dambu. Ka buɗe aikinta da azumi, wallahi sai ka rama.

Wata rana kompaila, wato mai juya rubutunmu zuwa abin da inji ke ganewa, ya ga wani guntun aikinta ya yi masa kyau, ya kwafe shi ya liƙa wuri biyu. Ƙosai ya zama biyu. Komai ya tsaya, wai wanne za a koma?

Na ce, "Yaya, ko kwamfuta ta gaji da ƙosanki."

Ta ce, "Rufe min baki, ɗan nema. Jiya ka zo."

Maganin ba wuya. Ka sa lamba maimakon suna, ka ce a koma lamba ɗayan da ke kusa ta baya. Ko sau dubu aka kwafa, kowa ya san nasa. Tana tafiya kasuwa na bi na share abincin nan kaf, har waɗanda ba su yi laifi ba. Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ina ta hura hanci. Ta dawo ta duba, ta daɗe. Ta ce, "Ya yi." Shi ke nan.

Yanzu tana ƙasar waje, ni ke riƙe da shagon. Shirin bai taɓa tari ba, amma in na buɗe shi babu ita ko a layi ɗaya. Na zauna na rubuta sunayen a takarda, takwas ne, bakwai na tuna. Na kira ta.

"Yaya, bayan dambu me kika sa?"

Ta yi dariya har da tari. "Kai, ina zan tuna? Aiki nake, zan kira ka."

Na gwada rubuta fanke a gurbin da ya rage. Bai zauna ba.