Muryar Inna Da Na Goge Da Hannuna

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da aka fara shari'a a jihar nan, ni mai buga tafireta ne a wata ma'aikata a Dutse, matashi, sabon aure, ga jin kai kamar ni na kafa garin. Ina da aboki tun na ƙuruciya, tare muka taso a Ringim, tare aka ɗauke mu aiki. Da aka tashi tura mutum ɗaya Kano koyon kwamfuta sai aka zaɓe shi aka bar ni. Na yi masa murna a fatar baki, amma Allah ya sani abin ya ci mini rai. Ya dawo ya buɗe ɗan shago yana haɗa kwamfuta bayan an tashi daga ofis, kan ka ce kwabo kowa ya koma kiransa Injiniya. Ni kuwa ina nan ina ta ƙwanƙwasar tafireta.

Maiɗakina 'yar wani ƙauye ce a bayan Kiyawa. Mahaifiyarta, wadda muke kira Inna, ba ta iya rubutu ba, don haka in tana da saƙo sai ta sa a ɗauki muryarta a kaset a ba direba ya kawo. Kaset na ƙarshe da ta aiko kafin rasuwarta shi ne duk abin da maiɗakina ta mallaka na uwarta: nasiha ce, da addu'a, da dariyarta. Saboda yawan saurare zaren ya soma tsinkewa, rediyo na tauna shi. Ni da kaina na kai wa abokina, ya lallaɓa ya kwashe muryar ya zuba a kwamfutarsa, bai kuma daɗe da gamawa ba kaset ɗin ya ƙarasa lalacewa. Ranar da na kai maiɗakina shagon ta ji Inna tar-tar, ta yi kuka, ta yi ta sa masa albarka. To daga nan ne fa na shiga uku. Safe Injiniya, yamma Injiniya. Ko tocila ce ta ƙi kamawa sai ta ce da Injiniya na kusa da tuni ya gyara. Ba da wata manufa take faɗa ba, ko a lokacin na san haka. Amma masu cewa kishi kumallon mata ba su ɗanɗani na maza ba.

Na rantse sai na haɗa tawa kwamfutar a gida, ta ji uwarta a ɗakinta, ta kuma san hannun mijinta ne ya kawo mata. Na yi ta zirga-zirga Kano ina tsintar kaya ɗaya bayan ɗaya, ina satar kallon yadda masu shago ke haɗawa, har na ɗaure komai a akwatinsa. Sannan na je wurin abokina na fake da addini, na ce bai dace sirrin uwa da 'yarta ya zauna a injin wani namiji ba. Ya zuba mini muryar a wani tsohon faifan ajiya, irin wanda ake ɗaurawa a cikin akwatin, ya roƙe ni in bar kwafi ɗaya a wurinsa saboda tsaro. Na ce a'a, na tsaya a kansa har ya goge nasa. Da zan tafi ya ja mini kunne cewa in fara ɗora windo, wato manhajar da ke tafiyar da injin, a kan sabon faifaina shi kaɗai, sai komai ya zauna sannan in jona tsohon. Ya ce ko kuma in bari ya zo ran Asabar mu yi tare. Na ce masa na gode, ba shi kaɗai Allah ya ba ƙwaƙwalwa ba.

Ran Asabar da hantsi aka kawo wuta. Don kawai shi ya ce kada a yi, na jona faifan biyu lokaci guda. Na kunna, injin ya yi ƙara, allo ya yi baƙi, ya ce bai ga faifai ko ɗaya ba. Na kwance na sake ɗaurewa, na hure wayoyi, na goge faifan sidi na windo da bakin rigata, shiru. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Maiɗakina ta leƙo da kwanon abinci, cikin ladabi ta ce ko a aika a kira Injiniya tunda muryar Inna na ciki. Wayyo, kamar ta watsa mini barkono! Na daka mata tsawa na ce in ta ƙara ambatar mutumin nan a gidana za ta ga ɓacin raina. Ta ajiye kwanon ta fita. Can na tuna na taɓa ganin abokina yana matsar da wani ɗan mitsitsin maɓalli a bayan faifai, na matsar da na ɗaya a kan sa'a, sai ga injin ya ga duka biyun. Har na yi tsalle. Ya tambaye ni wanne zai share ya ɗora windo a kai. Lambobi ne kawai a jere, ban gane wanne ne wanne ba, na yanke cewa ai sabo shi zai zo a sama. Ya gargaɗe ni cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Na danna.

Windo ta hau lafiya lau, allo ya yi kyau. Na ƙwala wa maiɗakina kira ina hura hanci, ta zo ta zauna a tabarma ta naɗe ƙafa tana jira. Na duba nan, na duba can. Na buɗe ɗaya faifan, na same shi wayam yadda na sayo shi. A nan na gane tsohon na share. Na ɗauki akwatin a kan acaɓa zuwa shagon da na rantse ba zan koma ba. Abokina ya yi iya ƙoƙarinsa, daga ƙarshe ya ce windo ta riga ta hau kan wurin, ba abin da za a ciro. Ko kalma ɗaya ta zargi bai faɗa mini ba, wannan kuwa ya fi mari ciwo.

Maiɗakina ma ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce haka Allah ya ƙaddara, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Bayan shekaru 'yarmu ta fari ta tambaye ta yadda kakarta take magana. Ta buɗe baki za ta kwaikwaya, ta tsaya, ta sake gwadawa, sai ta ce kalmomin duk tana riƙe da su, amma muryar ta ɓace mata.

Shi ya sa na rubuto, don 'yan'uwana maza. Mai haɗa kwamfuta ya cire tsohon faifai kafin ya ɗora komai, abin da ba shi da madadi kuma a ajiye shi wuri biyu. Amma wannan ƙaramin darasi ne. Babban shi ne, in matarka ta yabi wanda ya yi mata alheri, ka taya ta yabo, kada ka mai da shi abokin gaba, kuma kada ka ƙi shawara don bakin da ta fito. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa, amma wata ce ta ɗauki nauyinsa. Ta yafe mini tuntuni. Ni ne dai har yau in yara suka tambaye ta labarin kakarsu sai in nemi takalmina in fita.