Yadda Aka Mai da Gwaggona Mayya a Littafi

Lokacin da nake koyarwa a firamare a Tiga, muna da wata 'yar ƙungiya ta masu karatun littattafai. Ranar Asabar da hantsi muke haɗuwa a ajina, mu jawo bencin yara mu zauna. Abin da ya haɗa mu shi ne son labaran yaƙi da aljanu da biranen da ke yawo a sama, da kuma 'yan kaɗan na kimiyya da suka fara fitowa, inda za ka ji Bahaushe ya hau kumbo ya sauka wata duniya yana neman alƙibla. Yawancinsu marubutan ne suke buga abinsu da kansu, wasu a takarda mai saurin yagewa, wasu kuma a waya kawai suke saki.

Mutum biyu ne ba sa fashi. Akwai wani dattijo ma'aikacin gidan ruwa, wanda duk littafin da ka ba shi sai ya ce ya yi daɗi, ko da jarumin ya kashe runduna guda da sara ɗaya. Akwai kuma wata malamar lissafi da ke zuwa daga Ƙofa, ita kuwa ba ta raga wa kowa.

Wata damina wani marubuci daga cikin birnin Kano ya nemo lambata a wani zauren makaranta littattafai na waya. Mun taɓa karanta littafinsa guda, ba laifi. Ya ce yana rubuta labarin wani birni da ke ƙarƙashin dam, yana so ya ji daga bakin tsofaffin da aka tasa lokacin da ruwa ya cinye ƙauyukansu. Na ji daɗi har raina, don ban taɓa ganin garinmu a littafi ba. Na ce ya zo, ina da wadda za ta ba shi labari.

Gwaggona nake nufi, yayar mahaifina. Suyar kifi take yi a 'yar kasuwar da ke kusa da bakin ruwa. Tana ɗingishi tun ƙuruciya, kuma tana da tabon ƙunar mai a bayan hannunta na hagu. Ƙauyen da aka haife ta yana ƙarƙashin dam ɗin, can aka binne mahaifiyarta da 'yarta ta fari. Kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta fuskanci ruwan ta yi sallama irin wadda ake yi wa mazauna kabari, ta yi musu addu'a. Kowa a kasuwar ya saba da ganinta haka, ba mai waiwayawa.

Marubucin ya zo, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, yana Mama kaza Mama kaza. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta zaɓo masa manyan karfasa ta soya, ya cinye tas har yana tsotsar ƙaya. Ya ajiye wayarsa a gabanta tana naɗar muryarta, ta ba shi labarin ranar da suka kwashe kaya a kan jakuna, da yadda ta riƙa komawa kabarin yarinyar har ruwa ya fara taɓa shi. Ta yi kuka a gabansa, abin da ni kaina ban taɓa gani ba. Da zai tafi ta ƙulle masa wani kifin a takarda ta ce ya kai wa iyali.

Bayan an yi girbi littafin ya fito. Farkonsa ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ya ƙaga wani birni a cikin ƙaton gilashi a ƙasan ruwa, jikokin waɗanda suka ƙi tashi ne ke zaune ciki, suna da injin da ke tace musu iska, suna noman gero da hasken fitila. Ina cikin jin daɗi na kai tsakiya, sai ga wata tsohuwa mai suyar kifi a bakin ruwa, mai ɗingishi, mai tabon ƙuna a hannun hagu, wadda take yi wa ruwa sallama kullum da safe. A littafin mayya ce. Sallamar alama ce tsakaninta da mutanen ƙasan ruwa, tana yaudarar 'ya'yan masunta da soyayyen kifi ta tura su ruwa a ciyar da injin da jininsu, don a riƙa nuna mata fuskar 'yarta da ta mutu. Har maganganun da Gwaggo ta yi tana kuka ya kwashe ya sa a bakin mayyar, bai canja ko harafi ba.

Na ajiye littafin na fita waje. Na kira shi, ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, ai yana nan tafe wurin ƙungiyarmu, sai mu tattauna.

Ya zo kuwa, da kwalin littattafansa a ɗaure bayan babur. Ya jingina wayarsa jikin taga tana ɗaukarsa, ya gyara hula, ya fara magana. Ya daɗe yana ba mu labarin kansa: yadda masu buga littattafai suka ƙi karɓarsa, yadda ya sha zirga-zirga gidan ɗab'i, yadda makarantan Hausa ba su san komai ba sai soyayya, shi ne ya zo ya buɗe musu ido. Dattijon gidan ruwa ya yaba injin iskar, ya tambaye shi wa ke gyara shi in ya lalace. Marubucin ya ce wannan sai a kashi na biyu. Aka ɗan taɓa hirar wasu littattafan, duk wanda aka ambata sai ya taɓe baki ya ce kwaikwayon fim ne.

Ni na kasa buɗe baki, don na san in na fara ba zan tsaya inda ya kamata ba. Malamar Ƙofa ce ta ɗaga littafin ta ce, "Malam, tsohuwar nan mai kifi, duk wanda ke ɗakin nan ya san ta. Ka sanar da ita abin da za ka mai da ita?"

"Haba Malama, ai ƙirƙira ce," in ji shi. "Na sa sunanta? Marubuci duk abin da idonsa ya gani nasa ne."

Ta ce masa sunan me ya rage, bayan ya sa ƙafarta da hannunta da inda take zama. Ta tambaye shi ko ya san abin da kalmar maita take yi wa tsohuwa a gari irin namu. Ya ce matsalarmu ke nan mutanen ƙauye, ba ma iya raba labari da gaskiya. Wai don ya nuna mana babin nan ne ya fi karɓuwa, sai ya ɗauko wayar daga taga ya miƙo mana. A shafinsa na tallar littafin ya sa hoton Gwaggo. Ta baya ya ɗauke ta ba ta sani ba, tana tsugune gaban kasko, tabon hannunta a fili. Mutane sun yi ta rubutu a ƙasa suna dariya, wasu suna neman tsari. Wata ta tambaya ko da gaske akwai matar. Ya amsa mata da cewa ta je Tiga ta gani.

Dattijon gidan ruwa, wanda ban taɓa jin ya kushe komai ba, ya miƙe ya ajiye littafin da aka ba shi kyauta a kan kwalin, ya sa takalminsa ya fita. Na ce wa marubucin ya goge hoton a gabana, kuma ya kwashe kayansa daga ajina. Ya goge yana ƙunƙuni, yana cewa gaba za mu yi alfahari da cewa ya taɓa zama da mu.

Abin bai tsaya nan ba. Wani ya karanta littafin da murya aka riƙa tura shi waya-waya, samari suna saurare a teburin mai shayi, mata suna ji a gida suna aiki. Ana cikin haka wani yaron masunta ya nutse wurin wanka, abin da yakan faru wasu shekarun. Babu wanda ya fito ya ce wa Gwaggo komai. Kawai dai ciniki ya ɗauke. Iyaye mata suka riƙa janye 'ya'yansu in sun zo gifta kaskonta, wata ma da ta yi shekara da shekaru tana aro wurinta ta daina amsa gaisuwarta. Gwaggo ta ɗauka man da take suya da shi ne ya canja, har ta sake mai sayar mata.

Dole na zauna na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, tana ta murza bakin zanenta.

"Yaron nan da na ƙulle wa kifi?" ta ce.

Na ce shi.

Sai ta tambaye ni ita marigayiyar 'yarta fa, ya ce ta yi wani mugun abu? Na ce a'a, a littafin ma baiwar Allah ce. Ta ce to da sauƙi. Ba ta sake tayar da zancen ba, amma daga ranar ta daina tsayawa a bakin ruwa, a ɗaki take addu'arta.

Na je na sami limamin unguwarmu na kwashe komai na gaya masa. Bayan sallar La'asar ya yi wa mutane nasiha mai zafi a kan ƙazafi, bai ambaci kowa ba. Washegari ya taka da kansa har kasuwa, ya zauna a bencin Gwaggo ya sayi kifi ya ci a idon jama'a. Wasu suka ji kunya suka dawo, wasu ba su dawo ba. Da damina ta kewayo, ɗanta da ke noma a Ba'awa ya zo ya ce ta je ta huta kwana biyu. Ta tafi, kuma can ta yi zamanta.

Marubucin ya rubuta a shafinsa cewa mahassada sun taso shi gaba saboda ya fi ƙarfin tunaninsu, mabiyansa suka yi ta ba shi haƙuri. Na ji an ce ya fitar da kashi na biyu. Babu wanda ya kawo shi ajinmu, muka ci gaba da karanta na wasu.

Da hutun ƙarshen shekara na je Ba'awa gaishe ta. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da surukarta, ta ɗan yi ƙiba. Ta tambayi mutanen Tiga ɗaya bayan ɗaya, har da matar da ta daina amsa gaisuwarta, ta ce in na koma in duba ta don ta ji an ce ƙafa na damunta. Sannan ta turo min kwaryar gabana ta ce in sa hannu, ba a zama haka nan a gidan manoma.