Kububuwar Gindin Suri

Shekarar da kananzir ya yi wuya, zamanin mulkin farar hula na biyu, fitilar Kaka ta koma ado a bango. A ƙauyenmu, can bayan Dingyaɗi, sai an hura wuta a tsakar gida bayan isha'i ake tatsuniya, kuma mu jikoki ke ciyar da wutar. Dokar Kaka ɗaya ce: wanda ya fi kawo kirare shi zai jingina da ƙafarta, sunansa kuma za a sa wa jarumin tatsuniyar.

Ni ce mai wurin nan har aka kawo Hajo, 'yar kawuna, daga Horo Birni, don hatsinsu ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba. Yarinya siririya, ga shegen zafin nama. Mako guda ta ƙwace min ƙafar Kaka. Kullum Hajo ce ta yi wa kura wayo, Hajo ce ta haye kogi, ni kuwa ina gefe ina shan hayaƙi. Wallahi ko dariyarta ba na son ji.

Wata la'asar na saki turba na kutsa cikin sabara, inda aka hana mu shiga, don in fi Hajo kirare. A gindin wani suri na ga busasshen reshe. Ina miƙa hannu na ji ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Kububuwa ce ta naɗe tana goga jikinta. Na ja da baya. Ina fitowa sai ga Hajo, ta hango reshen.

"Ke, kin bar wanga icce?" in ji ta.

Na ce na bari. Ban ƙara ko kalma ba.

Tana kai hannu kububuwar ta sare ta. A kan jaki aka fitar da ita bakin titi, daga nan sai asibiti a Boɗinga. Ta rayu, amma ta dawo da yatsu biyu a ƙandare. Ina jin kunyar faɗi, amma da na ga Kaka tana dama mata fura tana ba ta a baki, kishi ne ya fara zo min.

Ranar da ta dawo, Kaka ta yi mana tatsuniyar macijiyar da aka kai ƙara gaban zaki don ta sari wata yarinya. Kaka ta ƙanƙance murya: "Macijiya tac ce, 'Ranka shi daɗe, ina ɗakina anka sa mini hannu, kuma ban da wani baki sai na sara. A tambayi kurciya. Tana bisa icce, ta gane ni, tana da bakin magana, tay yi shiru.'"

"To mi anka yi ma kurciya, Kaka?" in ji Hajo.

"Ba a yi mata komi ba, ɗiyata. An bar ta da abinta."

Kaka ba ta dube ni ba, har ta rasu ban san ko ta sani ba. A lokacin murna na yi, na ɗauka kurciya ta sha. Sai da na girma na gane abin da aka bar ta da shi ya fi bulala.

Yanzu dukanmu muna da jikoki. Duk bikin da muka haɗu, Hajo kan taso da fara'a ta riƙo ni da wannan hannun, tana ce min 'yar uwa. Har yau ban buɗe baki ba.