Kwalin Shida Da Ban Taɓa Ɗaga Mata Ba

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan mujalla. Ni dattijo ne, na ajiye aiki, ina zaune a Garki. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A shekarun da soja suka miƙa mulki, lokacin da kullum ka waiwaya a Abuja sai ka ga sabon gini ya tashi, ni ne kuku kuma mai kula da cikin gida a wurin wani babban ma'aikacin gwamnati a Maitama. Ina zaune a boskwata, ɗakunan ma'aikata na bayan gida, da matata da 'ya'yana mata biyu. Ni ɗan gidan mahauta ne, da kallon dambe na tashi, kuma abin da na ɗauko daga can shi ne, duk wasan da ba a ga ƙarfi a cikinsa ba, ɓata lokaci ne. Babbar 'yata shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana goye, tana tafiya da kanta amma tana ɗan jan ƙafar. Ƙaramar kuwa ba ta taɓa sauka daga matakala da tafiya ba, sai da tsalle.

Hajiya, matar oga, ta yi karatu a wata ƙasa mai sanyi, ta dawo da son wani wasa da ban taɓa gani ba sai a gidanta. Mata ne suke sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, suna zamiya a kan ƙanƙara ana yi musu kiɗa, in sun gama alƙalai su ba su maki, shida shi ne ƙarshe. Duk ranar da satalayit ya kawo wasan, takan aika a kira yarana su zauna a kan kafet, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Ba a daɗe ba falon ya rabu biyu. Ni da ƙaramar muna bayan waɗanda ke tashi sama su juya sau uku kamar katantanwa su diro da ƙafa ɗaya. Hajiya da babbar suna bayan waɗanda ke tafiya a hankali, suna lanƙwasa jiki, hannuwansu na bin kiɗan. Hajiya takan tsokane ni cewa na ɗauka filin dambe ne, saura in nemi a kira makaɗan kalangu. Ni kuma in ce mata, ranta ya daɗe, wannan mai karkaɗa hannun ai yanga kawai take yi, ko kakata ta iya, wadda ba ta iya barin ƙasa ba me ya kawo ta gasa. Ana ta dariya. Ban taɓa duban fuskar babbar 'yata ba lokacin da nake wannan magana.

Wata shekara oga da Hajiya suka yi tafiya ta wata guda da rabi, suka bar mini makullai. Falon gidan shimfiɗe yake da wani farin dutse mai santsi, ni nake goge shi kullum. Yaran suka gano cewa in an barbaɗa hoda aka sa safa, mutum zai zame daga wannan bango zuwa wancan. Da farko na hana, daga baya abin ya ba ni sha'awa. Na yanka kwalin madara gida shida, na rubuta lamba ɗaya zuwa shida, na ɗauko kujerata ta roba daga kicin, don ko babu kowa a gidan ba na zama a kujerar oga, na zama alƙali. Kowace yamma bayan la'asar sai mu kunna rediyo a yi gasa, uwarsu tana leƙowa ta taga tana cewa mu dai bi a hankali.

Ƙaramar takan sheƙo da gudu ta yi tsalle, wani lokaci ta faɗi a kan ɗuwawu, amma sai in ɗaga mata biyar ko shida. Babbar takan ari gyalen uwarta, ta tsaya a kan ƙafarta mai lafiya, ta zame a hankali, gyalen na tashi a bayanta, yatsunta na buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu in na rufe ido ina ganin abin, kuma na san yana da kyau. A lokacin uku nake ɗaga mata, in na ji tausayi huɗu. Wata rana ta ce da ni, ita da ta fi ni jin Turanci, ai alƙalan talabijin maki biyu suke bayarwa, ɗaya na tsalle ɗaya na kyawun wasa, in yanka wani kwalin mana. Na yi dariya na ce a gidan nan alƙali ɗaya ne, maki ɗaya ne, mai son shida ta bar ƙasa.

Bayan kwana huɗu, ranar wata Asabar, ta ajiye gyalen, ta ce in duba da kyau. Ta ja baya har jikin labule, ta taho, ta tashi. Ta diro a kan ƙafar dama, mai lafiyar, safar ta zame. Ni ɗan mahauta ne, na san ƙarar ƙashi idan ya karye.

Uwarta ta shigo tana salati, ta ce mu tafi asibiti, mu kuma buga wa Hajiya waya. Ni abin da ya faɗo mini shi ne, a asibiti za a tambayi inda ta faɗi, magana za ta kai ga oga, za a ce na mayar da falonsa filin wasa, a kore mu daga boskwata ba mu da wurin zuwa. Wannan da zan faɗa ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: kafin in ɗauke ta daga ƙasa, sai da na ɗauko tsintsiya na share hodar. Tana kwance tana kallona. Daga nan na kai ta wurin wani mai ɗori a wani ƙauye a hanyar filin jirgi. Ban zargi mutumin ba, shi da kansa ya ce karayar ta yi sama kusa da ƙugu, gara asibiti, ni na matsa masa. Na kuma koya wa yaran cewa in an tambaya su ce daga bishiyar mangwaro ta faɗo, yarinyar da ba ta taɓa hawa ko kujera ba sai an riƙe ta.

Da Hajiya ta dawo ta ga ƙafar, ba ta ko cire mayafi ba ta sa yarinyar a mota sai asibiti. Likita ya ce ƙashin ya riga ya haɗe a karkace. An yi aiki har sau biyu, amma ƙafar da take dogara da ita duk rayuwarta ta gajarce, daga ranar sai da sanda. Yarinyar ta maimaita maganar mangwaro ga likita da Hajiya, ba ta canza ko kalma ɗaya ba. Bayan mako guda Hajiya ta same ni a kicin, kwalayena shida a hannunta, ta tsince su a ƙarƙashin kushin. Ta ce tun kafin ta yi tafiya ta san yaran suna zamiya a baranda, har safa masu kauri ta sayo musu tsaraba don wasan. Ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko a shekarun da na yi tare da su na taɓa ganin abin da ya nuna dutsen falonta ya fi mata ƙafar yarinya. Ba ta kore ni ba. Na ƙara shekara tara a gidan, kullum ina goge wurin da 'yata ta faɗi.

'Yata ba ta taɓa ce mini ni na jawo mata ba. Amma daga nan ko Hajiya ta aika a kira su kallon wasan, sai ta ce tana da aikin makaranta. Yanzu ta yi aure, tana da 'ya'ya uku, tana zanen lalle a nan Garki, amare har layi suke yi a ƙofarta. Bara na buɗe akwatina na ɗauko kwalin nan mai lamba shida, wanda na ɓoye tun ranar da Hajiya ta miƙo mini su, na kai mata. Na same ta tana yi wa 'yarta zane a hannu. Ta dubi kwalin ta yi murmushi, ta tambaye ni na wanne ne, na tsalle ko na ɗayan. Na ce na ɗayan ne, wanda na ƙi yankawa. Ta karɓa ta shiga yi wa lallen fifita da shi. Can sai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago kai ba, ko a ranar nan ta juya sosai kafin ta faɗi, don ita ba ta iya tunawa. Mace mai shekara talatin da wani abu, har yanzu ma'aunina take son ji. Na ce mata ta juya, na gani da idona. Da na fito na zauna a bakin kwata na yi kuka, mutane na wucewa.

Abin da na koya shi ne, abin da uba yake yaba wa a gaban talabijin, yaran da ke zaune a ƙasa suna ji, kuma kowane yana auna kansa da shi. Ni na ɗauka musu nake yi da Hajiya a kan wasu mata da ke wata duniya, ashe a kan 'yata nake yanke hukunci kullum. Iyaye, in kuna son mai tsalle ku so abinku, amma ku dubi wanda ke kusa da ku kafin ku raina mai tafiya a hankali. In kuma tsautsayi ya faɗa wa yaro, ku fara ɗaukarsa, komai zai biyo baya ya biyo. Ina roƙon masu karatu su sa ni a addu'a, Allah ya yafe mini tsintsiyar nan da na fara ɗauka.