Rigunan da Suka Fito Daga Dila a Jiƙe

Akwai wata rana a shagon Alhaji Sale da har yau ba ta fita daga raina ba. Tunda ku sababbi ne a sana'ar gwanjo, gara ku ji labarin daga bakina.

Lokacin na shekara goma sha ɗaya a hannun Alhaji, a kasuwar Mubi, kuma ni ne mai tantance kaya. Ga wanda bai sani ba, dila ƙunshin tufafi ce da inji ya matse, aka ɗaure da ƙarfe. In an yanke ƙarfen, mai tantancewa ne ke ware kayan: lamba ɗaya a rataye, lamba biyu a jibge a tabarma, sauran a ba masu kaiwa ƙauye. A shagonmu ba a kwance dila sai da safe, a gaban mai shago.

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Na yanke ƙarfe, na fara zare rigunan sanyi kamar kullum. Da na kai tsakiya sai hannuna ya taɓa wani abu mai sanyi. Wasu riguna ne iri ɗaya, shuɗi da fari, manya-manya, masu faɗin kafaɗa, da suna da lamba a baya. Dukkansu a jiƙe suke, suna warin laka irin ta bakin mayo, wato kogi.

Alhaji ya ce, "Ruwan sama ne ya same su a hanya. Shanya su."

Na ce, "Alhaji, ai na wajen a bushe suke. Ta ina ruwan ya bi?"

Ya dube ni ya ce, "Shanya su na ce."

Na shanya su a igiya. Kafin azahar 'yan keke mai ƙafa uku sun sayi guda uku.

Ana nan sai ga Dakta Ishaya, wani dattijo mutumin Mugulbu, tsohon likitan dabbobi da ya yi ritaya daga kasuwar shanu. Bargo ya zo nema. Yana ganin igiyar ya tsaya cak. Ya nuna riga ta farko ya faɗi wani suna na Turawa. Gabanta ne ke fuskantarmu, don haka na juya ta, na ga sunan da ya faɗa. Ya nuna ta biyu, haka. Har shida ya kira, bai kuskure ba.

Na ce, "Baba, ina ka san su?"

Ya zauna a kan wata dila ya ba mu labari. Yana saurayi ya je karatu wata ƙasa mai tsananin sanyi. Don ya ci abinci, ya kama aiki da wata ƙungiyar hoki ta kan ƙanƙara. Wasa ne da ake yi da takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, ana zamiya, ana kora wani ɗan baƙin faifai da sanda zuwa raga. Shi ke wasa musu ƙarfen takalma, shi ke shirya musu kaya.

Ya ce leburorin haƙar ma'adinai ne suka kafa ƙungiyar, suna bugawa a kan daskararren tafki in sun tashi aiki. Daga baya kamfani ya gina musu fili mai rufi, wasan ya zama sana'arsu. Sun daɗe ana lallasa su, ana yi musu dariya. A shekarar da yake tare da su ne suka fara cin wasa a jere, har garin duka ya sa rai da kofi. Sai tafiyar wasan ƙarshe ta zo. A ƙasar, in sanyi ya yi ƙarfi, motoci kan ratsa ta kan tafki don rage hanya. Ƙanƙara ta fashe da motarsu. Babu wanda ya fita. Daga nan ƙungiyar ba ta sake tashi ba.

Alhaji ya ce, "Innalillahi. An dai ciro su?"

Dakta ya ce, "An ciro wasu. Kaya ba a ciro ba. Rigunan suna cikin akwati a bayan mota. Ni na shirya shi da hannuna."

Can ya tambaye ni riguna nawa na samu. Na ce ashirin da uku, har da waɗanda aka saya.

Ya ce, "'Yan wasa ashirin da biyu ne, ɗana. Akwai wadda ba ta da lamba?"

Akwai kuwa. Na riga na jefa ta a tabarma don ba ta da lamba. Na ɗauko na juya bayanta. An rubuta ISHAYA.

Ya ce 'yan wasan ne suka sa aka ɗinka masa a ɓoye, za su ba shi bayan wasan. Ya ganta yana shirya akwati, ya mayar ya yi kamar bai gani ba. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, mota ta tafi ba shi.

Alhaji ya ce wataƙila kowa riga biyu gare shi, waɗannan na ajiya ne da suka daɗe a wani sito.

Dakta ya ce, "Nasu, zai yiwu. Tawa guda ɗaya ce."

Alhaji mutum ne da ba ya sakin kaya, amma ranar ya ce in tattara su duka in ba Dakta, in kuma nemo ukun da suka fita. Na bi tashar keke. Biyu suka ba ni ba gardama. Na ukun na tarar ya riga ya cire tasa ya cusa a ƙarƙashin kujera. Ya ce tun da ya saka ta yake jin sanyi a ƙirji, alhali rana ta take.

Bayan la'asar na kai kayan Mugulbu. Dakta ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya dinga ninke rigunan yana jera su bibbiyu, layi bayan layi. Sai da ya yi nisa na gane yadda suke zama a mota yake jerawa. Tasa kuwa ya ajiye ta gefe, nesa da tabarmar.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Mai wannan bai shiga ba tukuna."

Ya yi shekaru bayan haka, muna gaisawa a kasuwa, bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Yadda rigunan suka shigo dilarmu, ban sani ba har gobe.

Abin da na sani shi ne, kowace riga da kuke ɗagawa kuna kiran masu saye, wani ne ya taɓa saka ta, kuma ba kowa ne ya rabu da tasa da son ransa ba. Don haka kada ku taka kaya, kada ku yi wasa da su. In kuma kun ga mutum ya tsaya gaban wata riga ya yi shiru, ku bar tallar, ku bar shi ya gama tsayuwarsa.