Kacallar Tafki na Uku

Lambunmu yana bakin rafi, ƙasa da gari kaɗan, a kan hanyar Ɗanbatta. Mahaifina malamin allo ne kuma manomi, tun yana saurayi a rafin nan yake alwala idan azahar ta riske shi cikin albasa. Ƙa'idarsa ta littafi ce: ya duba launin ruwa, ya sansana, ya ɗanɗana. In babu wanda ya canza, sai ya yi bisimilla.

Da gari ya cika ya batse, ruwan kwatoci da na mahauta duk ya koma gangarowa rafin. Baba ya fara tafiya lambu da buta daga gida. Ran da ruwan butar ya ƙare, da idona na ga ya buga tafin hannu a ƙasa ya yi taimama, ga ruwa yana gudu a gabansa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Daga baya aka haƙa tafkuna uku a bayan gari, aka juya kwatocin can. Na farko baƙi ne ƙirin, a nan dauɗa ke kwantawa. Na biyu kore shar, rana tana dukansa wuni guda. Na uku kuwa kacalla ce ta cika shi, doguwar ciyawar ruwan nan, kuma daga shi ruwa ke fita zuwa rafi. Da shekara ta zagayo Baba ya duba, ya sansana, ya ɗanɗana, ya jingine buta.

To, mu a wajenmu kacalla abokiyar gaba ce. Ita ke toshe magudanar lambu, a cikinta tsuntsaye masu cin gero ke kwana. Lokacin ni ne shugaban matasan unguwa, ga ni da rawar kai. Na ce ai abin kunya ne a yi mana aiki irin wannan mu zuba ido ciyawa ta cinye shi. Na kira gayya. Muka shiga da lauje da adda, mata suka dama mana kunu, kafin la'asar mun tumɓuke ta har saiwa. Har hoto muka ɗauka.

Ma'aikacin da ke kula da tafkunan ya je kasuwa ran nan. Da ya dawo ya tsaya riƙe da babur, baki buɗe.

"Wa ya sa ku?"

"Taimako muka yi, Malam," na ce, ina jiran godiya.

"Taimako? Ciyawar nan da hannuna na dasa ta. Saiwarta ce ke tace abin da ya tsere wa tafkuna biyun can. Rariyar kuka cire, bawan Allah."

Ba a yi sati biyu ba rafi ya koma kore, da safe yana bugo wari. Baba dai ya ɗauko tsohuwar butarsa daga gindin rumbu, ya ɗauraye, ya rataya a keke. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ni da ma'aikacin muka sake dashe, muna haƙo saiwa daga wata fadama. Masu wucewa suna tsayawa su sha dariya, wai ga ɗan malam yana noman kacalla. Sai da aka yi damina biyu kafin ta rufe tafkin. A lokacin ƙafafun Baba sun ƙi, ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi.

Wata azahar na ciko butar nan a rafi na kai masa zaure. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya ɗaga wajen haske, ya sansana, ya taɓa da harshe.

"Na wajen albasa ne?" ya tambaye ni.

"Na can ne, Baba."

Ya naɗe hannun riga, ya miƙo hannuwansa biyu.

"To, zuba mini."